Yaro Ya Iya Kwafe Allo, Amma Ya Iya Rubuta Wasiƙa?

Wannan jawabi ne da wata malamar firamare da ta yi ritaya ta gabatar wa iyaye da malaman makarantar Lahadi na ikkilisiyoyin ƙauyukan Tambuwal da Kebbe. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Muna roƙon wanda ya karɓi wannan takarda ya karanta wa 'yan'uwa waɗanda ba su iya karatu ba.

 Sannunku da hanya, musamman waɗanda suka taso tun asuba daga ƙauyukan da ke wajen Kebbe da Kuchi, da na wajen Dogon Daji da Sanyinna. Na san kowa ya bar aiki a gida kafin ya zo. An roƙe ni in yi magana a kan rubutun ƙananan yara, ni kuwa zan fara da kuskuren da ni kaina na yi, gama shi ne ya koya mini abin da zan faɗa yau.

Shekaru da yawa da suka wuce ina riƙe da aji 4 a wata makarantar ƙauye. Akwai wata yarinya a ajin, in kun ga rubutunta sai ku ce inji ne ya buga. Baƙaƙen a miƙe, a kan layi, ba ƙazanta, ba goge-goge. Duk baƙon da ya zo makarantar, littafinta nake fara ɗaukowa in nuna masa. Har da kuɗina na saya mata biro da sabulu, na ba ta kyauta a gaban yara. Ana nan sai uwarta ta kwanta rashin lafiya. Yayanta ya tafi ci rani kudu, lokacin kuwa babu wayar hannu a ƙauye. Sai uban ya sayo takarda da ambulan, ya zaunar da ita a kan tabarma, ya ce, "Rubuta wa yayanki, ki gaya masa halin da muke ciki, ya zo ko ya aiko." Yarinya ta rubuta kwanan wata. Ta rubuta gaisuwar nan ta Turanci da na sa suka haddace. Daga nan biro ya tsaya. Uban yana jira, ita tana kallon takarda, har ta fashe da kuka. Ranar kasuwa mutumin nan ya tafi wurin mai rubuta wasiƙa, ya biya kuɗi, ya buɗe wa bare asirin gidansa.

Washegari ya same ni a gindin bishiyar makaranta. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Malama, shekara huɗu ke nan ina sayen littafi da fensir. Me ke cikin littattafan nan?" Da ya tafi na ɗauko littattafanta na bi su shafi shafi. Kowace kalma da ke ciki tawa ce, ko ta malaman da suka riƙe ta kafin ni. Mu muka rubuta a allo, ita ta kwafe. A cikin shekara huɗu ba wanda ya taɓa ce mata ta rubuta magana ɗaya ta kanta. Laifin ba nata ba ne.

Wani zai ce zamani ya sake, yanzu kowa da waya, wa ke rubuta wasiƙa? To, saƙon waya ma ai rubutu ne. Ban da shi, wa zai rubuta takardar jinginar gona, domin kada gobe a ce sayarwa aka yi? Wa zai riƙe littafin adashi, ko ya rubuta abin da aka yanke a taron Zumuntar Mata? Sa'ad da yaro ya kai jarrabawar WAEC ko NECO, a takardar Turanci za a ce ya rubuta wasiƙa ko labari daga kansa, babu allon da zai kwafa. Matsalar kuma ba ta makarantata kaɗai ba ce. A shekarar 2011 an gwada karatun Hausa na yaran aji 3 a jihohin Sakkwato da Bauci, aka tarar mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Yaran nan kuwa da yawansu suna da littattafai cike da rubutu. Wato hannu yana aiki, amma kai bai san abin da hannu yake yi ba. Bayan haka, wani shiri da ya fara a 2015 ya kawo littattafan Mu Karanta zuwa makarantu da yawa na jihar nan, an kuma horar da malamai. Wannan ya taimaka. Amma malami ɗaya da ke gaban aji cike da yara ba zai iya zama da kowane yaro ya ji abin da ke bakinsa ba. Wannan sashi na aikin a gida yake, da kuma makarantar Lahadi.

Bari in bayyana abin da ke faruwa sa'ad da yaro yake rubutu. Aiki biyu yake yi a lokaci ɗaya. Hannu yana zana baƙaƙe, kai kuma yana neman abin da za a faɗa. Iyayena mata, ku kun fi kowa gane wannan. Macen da ta ƙware da daka tana daka tana hira, har ta yi lugude, ba ta ko duban turmi. Amma yarinyar da take koyo, dukan hankalinta yana kan taɓarya, in ka yi mata magana sai hatsi ya zube. Haka yaro yake da fensir. Muddin yana tsayawa ya tuna ta wane gefe cikin "b" yake, ta wane gefe cikin "d" yake, maganar da ya so ya rubuta ta riga ta gudu. Saboda haka kada wani ya tashi daga nan ya ce Malama ta ce kyan hannu ba shi da amfani. Yana da amfani ƙwarai. Sai dai amfaninsa shi ne hannu ya saba har ya daina cin hankalin yaro. Ni na mai da shi ƙarshen tafiya, alhali bakin hanya ne.

Horon hannu yana farawa tun kafin fensir. Yaron da yake ɓare gyaɗa, yana tsince wake, yana gina shanu da laka, yana tufka igiya, yatsunsa suna ƙarfi. Yaranmu na ƙauye sun fi na birni samun wannan, ba mu dai san darajarsa ba ne. Daga nan a bar shi ya yi manyan baƙaƙe a kan rairayi da yatsa ko da kara, sa'an nan da gawayi ko alli, kafin a kai ga takarda mai layi. In za a ba shi fensir, a ba shi guntu. Dogon fensir yana rinjayar ƙaramin hannu. In kun sayi ɗaya ku raba shi biyu, kun ga yara biyu sun samu.

Akwai kuma bambanci tsakanin kwafe baƙi da sanin baƙi. A 1997 wata mai bincike a Jami'ar Washinton ta Amurka, Virginia Berninger, da abokan aikinta, sun gwada hanyoyi dabam dabam na koyar da yaran aji 1 waɗanda rubutu yake ba su wuya. Hanyar da ta fi kowace ita ce a nuna wa yaro baƙi da alamun inda za a fara da inda za a bi, ya duba da kyau, sa'an nan a rufe, ya rubuta da ka. Yaran da aka bi da su haka, ba hannunsu kaɗai ya gyaru ba, har abin da suke iya rubutawa na kansu ya ƙaru. Wannan ba ya bukatar kuɗi. Ka rubuta "g" a ƙasa, ka nuna masa inda ka fara, ka rufe da faifai, ka ce ya yi nasa, sa'an nan ka ɗaga faifan ya gwada da kansa. Minti 10 a rana ya isa. Cika shafi guda da baƙi ɗaya ba ya ƙara kome sai gajiya, gama daga layi na uku yaron ya daina tunani.

Bari in ɗan ratse a kan bahago. Na san al'adarmu game da hannun hagu, ban kuwa zo in yi gardama a kan cin abinci ko miƙa wa babba abu ba. Amma a wajen rubutu, ina roƙonku ku ƙyale yaro ya riƙe fensir da hannun da ya fi masa. Na ga yaran da aka yi ta bugun hannunsu har suka tsani takarda gaba ɗaya. A karkata masa takardar kaɗan, a zaunar da shi a gefen hagu na benci domin kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta ɗan'uwansa, shi ke nan.

Yanzu ga babban abin. Rubutu magana ce da aka ajiye a takarda. Yaron da bai saba a tambaye shi ya ba da labari ba, ba zai sami abin ajiyewa ba. A gidajenmu yawancin maganar da muke yi wa yara aike ne da tsawa: kawo ruwa, kori awaki, yi shiru manya suna magana. Ladabi yana da kyau. Amma a rana a sami ɗan lokaci da yaro ne mai magana, babba ne mai ji. Ya dawo daga kiwo, ka ce, "Me ka gani yau?" In ya ce, "Ba kome," kada ka ƙyale shi. Ka ce, "Ta ina kuka bi? Wa kuka tarar a bakin gulbi? Sai me ya faru?" Tambayar nan ta "sai me ya faru" ita ce take koya wa yaro jera magana, farko da tsakiya da ƙarshe. In kaka ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yau, gobe a ce yaron ya maimaita wa ƙanensa. Iyayena waɗanda ba ku yi makaranta ba, ku ji wannan da kyau. A wannan mataki ba ku bukatar sanin baƙi ko ɗaya, ku ne ma kuka fi malamin makaranta iyawa.

Daga baki zuwa takarda akwai gada, gadar nan ce ban gina wa yarinyar nan ba. Ga yadda take. Yaro ya faɗi magana, babba ko yayansa ya rubuta ta daidai yadda ya faɗa, yana kallo. In ya ce, "Akuyarmu ta haifi biyu, ɗaya baƙi ɗaya ja," haka za a rubuta, kada a gyara masa, kada a ƙawata. Sa'an nan a karanta masa ana nuna kowace kalma da yatsa, shi ma ya karanta. Ranar da yaro ya fara ganin maganar bakinsa a kan takarda, ku dubi fuskarsa. A ranar yake gane abin da rubutu yake. In zai kwafa, to, wannan ya kwafa, gama tasa ce. Kada kuma wani ya ce wannan ragwanci ne, wai wani ya riƙe wa yaro alƙalami. Mu da muke karanta wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa mun sani wani ɗan'uwa ne ya riƙe alƙalamin, har ya sa gaisuwarsa a sura ta 16, ba kuwa wanda ya ce wasiƙar ba ta Bulus ba ce.

Wata malama a ƙasar Niyu Zilan, Sylvia Ashton-Warner, ta koyar da yaran kabilar Mawori a makarantun karkara. Littattafan da aka aiko mata suna maganar rayuwar Turawa, yaran ba su ga kansu a ciki ba. Sai ta riƙa tambayar kowane yaro da safe, wace kalma kake so yau? Abin da ya faɗa ta rubuta masa a kan kati, ya riƙe kayansa. Ta tarar kalmomin da yara suke roƙo na abin da suke ƙauna ne da abin da suke tsoro, kuma irin waɗannan kalmomi ba sa mantawa. Ta ba da labarin wannan a littafinta mai suna Teacher a 1963. Na gwada wannan da kwalin sabulu da na yayyanka. Ba yaron da ya taɓa roƙona kalmar "tebur". Abin da suke roƙo shi ne "Inna", "babur", "maciji", "kura", "kifi", da sunan ƙanensu. In katunan yaro suka kai 10 ko 15, sai ka ga ya fara jera su a kan tabarma yana haɗa magana. Daga nan saura ƙiris ya ɗauki fensir ya rubuta da kansa.

Sa'ad da ya fara rubutawa da kansa, a nan ne mu manya muke ɓata aiki. Zai yi kuskure da yawa. Zai haɗe kalmomi, ya rubuta "yace" a maimakon "ya ce". Zai manta da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Zai kuma rubuta yadda muke magana a ƙasar Sakkwato, ya sa "lahiya" da "hwari" da "shina zuwa", inda littafi yake da "lafiya" da "fari" da "yana zuwa". 'Yan'uwa, yaron da ya rubuta "lahiya" ba daƙiƙi ba ne. Ya saurari bakinsa, ya rarrabe sautin, ya nemo baƙin da ya dace da kowanne. Aikin da ya yi ya fi na wanda ya kwafe "lafiya" daga allo bai san abin da ya kwafa ba. Hausar boko tana da sauƙi a nan, gama kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba kamar Turanci ba. Yaron da ya san sautin baƙaƙe zai iya rubuta kusan duk abin da ya iya faɗa.

To, a bar kuskuren ke nan? A'a. Amma akwai abin da ke zuwa da fari. In ya kawo maka takarda, ka fara amsa abin da ya faɗa. Ya rubuta cewa akuya ta haihu, ka ce, "Kai, biyu? Yaushe?" Ya ga saƙonsa ya isa. Bayan haka ka zaɓi abu ɗaya tak ka gyara, sauran ka bar wa wata rana. Ni nakan fara da lanƙwasa, domin tana sauya ma'ana, yara kuma suna jin daɗin wasan. In rubuta "Inna tana daka" da "Inna tana ɗaka", in ce su gaya mini a wanne ne za a ji ƙarar turmi. Ko "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa". Da dariya suke koyonsa. Jan biron da nake cika takardar yaro da shi a dā, yanzu na gane abin da yake koya wa yaro shi ne ya rubuta kaɗan, domin kuskurensa ya zama kaɗan. Mai wayo a cikinsu sai ya daina rubuta kome sai abin da ya tabbata, wato abin da ke allo.

Sai maganar harshe, wadda na san tana damun da yawa a cikinmu. Waɗansu iyalai a nan, waɗanda asalinsu daga ƙasar Zuru ne, Dakarci ko Fakanci suke yi a gida, Hausa a kasuwa da majami'a, Turanci a makaranta. Gwamnati ma ta yi ta sauya magana. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin, a shekarun farko na firamare. A 2022 aka ce a kai shi har aji 6. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar an soke wannan, a koma Turanci. Ba ni da iko a kan abin da za a yi a aji. Amma ra'ayina a kan abin da za a yi a gida bai sauya ba: yaro ya fara rubuta tunaninsa da harshen da yake tunani da shi. Ba a koyon aiki biyu masu wuya a lokaci ɗaya. In ya ba da labarin da Dakarci, a karɓa, a taimake shi ya sa shi a takarda da harshen da mai taimakon ya iya rubutawa. Wanda ya iya jera magana biyar da Hausa, ranar da ya sami kalmomin Turanci zai jera su da Turanci. Wanda bai iya da kowane harshe ba, ko ya haddace ƙamus ba zai iya ba. Yarinyar da na ba ku labari tana da Turancin gaisuwa, abin da za ta faɗa bayan gaisuwar ne ba ta taɓa gwadawa ba.

Yaro yana kuma bukatar ya ji yadda rubutacciyar magana take a kunne. In akwai mai karatu a gida, ya riƙa karanta wa yara da ƙarfi, ko shafi ɗaya ne da dare. Littattafan Abubakar Imam, irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, har yanzu yara suna sonsu. Ku gaya musu kuma cewa sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar da aka yi a 1933, shi malamin makaranta ne a Katsina, saurayi ɗan shekara 22 ko kusa da haka, kuma da Hausa ya rubuta. Yana da kyau yaro ya san cewa littafi ba daga sama yake faɗowa ba, mutum ne irinsa ya zauna ya rubuta.

Abu na ƙarshe da yake sa yaro ya so rubutu shi ne ya san akwai mai jiran karantawa. Ba wanda yake son ya yi ta magana shi kaɗai a ɗaki. A ƙasar Faransa an yi wani malamin ƙauye, Célestin Freinet, wanda aka ji wa rauni a huhu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1920 aka ba shi aji a wani ƙauye mai suna Bar-sur-Loup. Ba ya iya doguwar magana a gaban aji, sai ya riƙa fita da yara su zaga gari, su ga masu sana'a da gonaki, in sun dawo su rubuta abin da suka gani. A 1924 ya kawo ƙaramin injin buga takarda cikin aji, yara suna buga labaransu da hannunsu. Daga baya suka fara musayar rubuce-rubuce da yaran wata makaranta can nesa a bakin teku, har da 'yar tsaraba. Yaran da a dā sai an tilasta musu, suka koma suna ɗokin rubutu, domin akwai wanda zai amsa.

Mu ba mu da inji, ba ma kuwa bukatarsa. Muna da ikkilisiyoyi a ƙauyuka dabam dabam, muna da masu wa'azi da 'yan kasuwa da suke kai da kawowa kowane mako. Me zai hana yaran makarantar Lahadi na wani ƙauye a Kebbe su rubuta wa na wani ƙauye a Tambuwal? Su faɗi abin da aka shuka, ko ruwa ya sauka, wasan da suke yi da farin wata, wanda aka haifa. Ƙarami ya yi zane ya sa kalma ɗaya a ƙasa, babba ya rubuta layi biyar. A gida ma akwai aikin rubutu na gaske kowace rana. Za ka kasuwa, ka sa yaro ya rubuta abin da za a sayo, ka tafi da takardar, in ka dawo ya duba ko an manta wani abu. An kai gero rumbu, ya rubuta dami nawa. An ba maƙwabci aron buhun taki, ya rubuta rana da suna. Wannan ba wasa ba ne, yaron ma ya san ba wasa ba ne, shi ya sa yake mai da hankali.

Na san za a ce babu takarda. 'Yan'uwa, ƙasar nan ba baƙuwar rubutu ba ce, kuma ba da yalwar takarda aka yi shi ba. Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda ya zauna a Tambuwal, an san shi da rubuta waƙoƙi. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma aika mata malamai ƙauye ƙauye su koyar da mata. Har yau yaran maƙwabtanmu da allon katako ɗaya suke shekaru suna karatu, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Mu ma muna da ƙasa, da gawayi, da kwali, da bayan tsohuwar kalanda, da ragowar shafukan littattafan bara. A yanke su, a ɗinke da zare da allura, a rubuta sunan yaro a bango, ya zama littafinsa wanda ba a sa masa maki. Abin da ya fi takarda wuyar samu shi ne lokaci, musamman ga yara mata. Namiji ya dawo makaranta ya sami ɗan sarari, mace kuwa daga ɗebo ruwa sai raino sai wanke-wanke har duhu. In za a ware minti 10 ɗin nan, a ware wa mace tun da sauran haske. Da damina, in aiki ya yi yawa, ko sau biyu a mako aka samu, ya fi a bari sai kaka.

Ga abin da nake roƙo kafin mu tashi. Malaman makarantar Lahadi, kowannenku ya nemi takwaransa na wani ƙauye yau ɗin nan, ku shirya wanda zai riƙa kai takardun yara da wanda zai kawo amsa, ku fara da Lahadi mai zuwa. Kada ku rubuta musu samfuri a allo, in kun yi haka wasiƙa iri ɗaya za ku samu guda 30. Ku tambaye su da baki tukuna, kowa ya faɗi nasa, sa'an nan a raba takarda. Wanda bai kai ga rubutu ba, babban yaro ya zauna kusa da shi ya rubuta masa abin da ya faɗa. Iyaye kuma, in yaro ya kawo muku takardarsa, ko ba ku iya karatu ba kada ku ce ya kai wa wani. Ku ajiye abin da kuke yi, ku ce ya karanta muku, ku yi masa tambaya ɗaya a kan abin da ya rubuta. Sa'ad da za mu sake haɗuwa, kowane gida ya zo da shafi ɗaya na yaro, da kuskurensa da kome, mu duba tare.